Sitatik ko Dainamik: Tambayoyi da Amsoshi kan Nau'in Bayanai a Harsunan Kwamfuta

Duk inda masu rubuta manhaja suka taru, da wuya a tashi ba a taɓo wannan muhawara ba. Wani ya ce Python ya fi sauƙi, wani ya ce Java ya fi aminci. An tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa a nan, daga na mai fara koyo zuwa na wanda ke riƙe da tsohuwar manhaja da yake tsoron taɓawa.

Mene ne ake nufi da nau'i a harshen kwamfuta?

A can cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta babu komai sai sifili da ɗaya. Nau'i shi ne yake faɗin yadda za a karanta su, da abin da ya halatta a yi da su. Akwai cikakkiyar lamba kamar 500, akwai lamba mai ɗigo kamar 12.75, akwai rubutu, akwai gaskiya ko ƙarya, akwai jerin abubuwa. Lamba 5 da rubutun `"5"` a ido ɗaya suke, amma ga kwamfuta sun sha bamban: ana iya raba ta farko biyu, na biyun kuwa harafi ne kamar kowane harafi.

To mene ne bambancin sitatik da dainamik?

Bambancin yana kan lokacin da ake duba nau'in. A harsunan sitatik, irin su C, Java, Go, Rust da Kotlin, kompaila, wato manhajar da ke fassara kod zuwa abin da na'ura ke ganewa, ita ce take bin kod ɗin layi bayan layi kafin a gudanar da shi. Idan ta ga an miƙa rubutu inda ake jiran lamba, sai ta tsaya, ba za ta fitar da manhajar ba. A harsunan dainamik, irin su Python, JavaScript, Ruby da PHP, ba a duba nau'in sai an iso kan layin lokacin da manhajar ke gudu. A nan nau'in yana manne da ƙimar kanta, shi ya sa ma'aji ɗaya, wato sunan da ake ajiye ƙima a ƙarƙashinsa, zai iya riƙe lamba yanzu, anjima ya riƙe rubutu.

Ga misali a Python. A ce akwai fankishan, wato guntun kod mai suna da ake kira ya yi wani aiki, mai lissafin kuɗin kaya: `def kudin_kaya(farashi, adadi): return farashi * adadi`. Idan aka kira shi da 500 da 3, zai ba da 1500. Amma farashin da ya fito daga fom na intanet rubutu ne, wato `"500"`. Python ba zai yi ƙorafi ba, domin ninka rubutu da lamba halal ne a wurinsa: zai maimaita rubutun sau uku ya ba da `"500500500"`. Wannan adadi zai iya wucewa har kan rasit. A Java, in aka ayyana farashi a matsayin lamba, wannan kira ba zai ma wuce kompaila ba.

Abin da ya fi cutarwa shi ne reshen kod da ba kasafai ake bi ta kansa ba, kamar wanda ke aiki sai an mayar wa abokin ciniki kuɗinsa. A harshen dainamik kuskuren da ke wurin zai iya kwanciya wata shida, sai ranar da aka fara bi ta kansa ya tashi.

Harshen dainamik shi ne mai raunin nau'i?

A'a, magana biyu ce daban, kuma ana yawan cakuɗa su. Sitatik da dainamik batun lokaci ne. Ƙarfi da rauni kuwa batun ko harshen yana juya nau'i da kansa ba tare da an tambaye shi ba. Python dainamik ne amma mai tsauri: `"5" + 1` zai jefo `TypeError`. JavaScript dainamik ne mai sassauci: `"5" + 1` zai ba da `"51"`, `"5" - 1` kuma ya ba da 4. C sitatik ne, duk da haka yana barin mutum ya ɗauki adireshin wani abu a ƙwaƙwalwa ya ce a karanta shi a matsayin wani abu daban.

Harsuna suna gyara irin wannan sassauci da kansu. A PHP kafin sigar 8, wadda ta fito a 2020, kwatanta `0 == "abc"` yana ba da gaskiya. Tun daga sigar 8 ƙarya yake bayarwa. A JavaScript dai shawara ba ta canza ba: a yi amfani da `===`, a bar `==`.

Dole ne in rubuta nau'in kowane ma'aji a harshen sitatik?

Da can haka ne a Java da C, kuma daga nan ne harsunan sitatik suka yi ƙaurin suna wajen yawan surutu. Amma kompaila tana iya gano nau'i da kanta daga abin da aka zuba. Dabarar ta daɗe: Robin Milner ya wallafa tsarinta a 1978 don harshen ML, Haskell kuma ya gaje ta. Yau a Go ana rubuta `adadi := 3`, a Kotlin `val adadi = 3`, Java ma ya karɓi `var` a sigar 10 cikin 2018. Nau'in yana nan daram, ba a rubuta shi ne kawai ba. Al'adar da ta fi amfani ita ce a rubuta nau'i a bakin fankishan, wato abin da yake karɓa da abin da yake mayarwa, a bar na ciki kompaila ta gano.

Wanne ya kamata mai koyo ya fara da shi?

Wanda aikin da yake nema ya buƙata. Mai son nazarin bayanai ko ƙirƙirarriyar basira, Python. Mai son shafukan intanet, JavaScript sannan TypeScript, wato JavaScript da aka ƙara masa binciken nau'i. Mai son manhajar waya, Kotlin ko Dart tare da Flutter. A duba ƙarfin kwamfuta kuma: Python yana gudu lafiya a laftof mai RAM na giga 4, Android Studio kuwa yana wahalar da irin wannan na'ura ƙwarai. Abin da bai kamata ba shi ne a shekara biyu a gida ɗaya ba a leƙa ɗayan ba. Wanda ya saba da Python idan ya yi wata guda yana rubuta Go, zai koma Python yana tambayar kansa abin da kowane fankishan yake karɓa, kuma wannan tambaya ita ce rabin aikin.

Waɗanne kurakurai ne binciken nau'i yake kamawa?

Kuskuren rubuta sunan fili, kamar `sunna` maimakon `suna`. Kiran fankishan da abubuwa biyu alhali uku yake buƙata. Musanya jerin abubuwan da ake miƙawa, in nau'insu ya bambanta. Mantawa da wani hali a cikin zaɓuɓɓuka, misali an ƙara matsayin "an soke" a kan oda amma wani wuri bai san da shi ba. Rust da Kotlin suna tilasta a kula da kowane hali a irin wannan zaɓi. Da kuma taɓa abin da babu, wanda aka ware masa amsa a ƙasa.

Kada a zuzuta abin fiye da kima. Wani bincike da aka gabatar a 2017 ya ɗauki kurakuran da aka riga aka gyara a ayyukan JavaScript na GitHub, ya gwada ko TypeScript ko Flow, wani mai binciken nau'i na JavaScript, za su kama su. Abin da aka samu kusan kashi 15 cikin ɗari ne. Kashi 15 ba ƙaramin abu ba ne ga kamfanin da ke biyan albashi a kan neman kuskure, amma sauran kashi 85 suna nan.

Waɗanne ne ba ya kamawa?

Duk kuskuren da ya shafi ma'ana. Kompaila ta san cewa abu lamba ne, ba ta san lambar mece ce ba. A Satumban 1999 hukumar NASA ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangaren manhaja yana fitar da ƙarfin turi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren kuma yana karanta shi da ma'aunin niyuton. Duka biyun lambobi ne masu ɗigo. A Yunin 1996 rokar Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta, saboda an cusa lamba mai bit 64 cikin gurbi mai bit 16 ta yi masa yawa, kuma da Ada aka rubuta kod ɗin, ɗaya daga cikin harsunan da suka fi tsauri.

Irin wannan yana kusa da duk mai rubuta manhajar kuɗi a Najeriya. Hanyoyin biyan kuɗi kamar Paystack suna karɓar adadi a kobo. Idan wani fankishan ya ɗauka naira ce ake ba shi, za a caji ninki ɗari ko kashi ɗaya cikin ɗari, kuma `int` ne a ɓangarorin biyu. Sannan `int` na Java yana tsayawa a 2,147,483,647. In kobo ake ajiyewa a ciki, naira miliyan 21 da 'yan kai kawai zai ɗauka. Da an wuce nan lambar za ta juya ta koma ƙasa da sifili ba tare da wani gargaɗi ba. Don haka ake amfani da `long` ko `BigDecimal`. Ba a ajiye kuɗi a lamba mai ɗigo, domin `0.1 + 0.2` yana ba da `0.30000000000000004` a Python da JavaScript da Java baki ɗaya.

Ana iya koya wa kompaila wani abu daga ma'anar. A Go, in aka rubuta `type Kobo int64` da `type Naira int64`, haɗa su kai tsaye ya zama kuskure. A Python akwai `NewType` da ke yin kusan haka ga masu binciken nau'i. Layi biyu ne, amma mutane kaɗan ne ke rubuta su.

Me ya sa ake ta maganar null?

Null ƙima ce ta musamman da ke nufin babu komai a wurin. Taɓa shi yana cikin kurakuran nau'i da suka fi yawa, kuma tsofaffin harsunan sitatik ba su tsare shi ba. Tony Hoare, wanda ya shigo da shi cikin harshen ALGOL W a 1965, ya kira shi kuskuren dala biliyan a wani jawabi a 2009. A Java kowane `String` yana iya zama babu, kompaila ba za ta ce uffan ba, sai `NullPointerException` ya bayyana a hannun mai amfani. A Python saƙon shi ne `'NoneType' object has no attribute`, a JavaScript kuma `Cannot read properties of undefined`. Ciwo ɗaya ne.

Sababbin harsuna sun raba abin gida biyu. A Kotlin `String` ba ya zama babu, sai `String?`, kuma ba za ka taɓa na biyun ba sai ka duba. Rust ba shi da null sam, `Option` yake amfani da shi. Dart ya kawo wannan kariya a sigar 2.12 cikin 2021, ya mayar da ita dole a Dart 3. TypeScript yana da ita in an kunna `strictNullChecks`. Go kuwa har yau `nil` yana iya kayar da manhaja. Saboda haka "sitatik" kaɗai ba amsa ba ce, sai an tambaya wane sitatik.

Lambar waya da lambar asusu, lamba ce ko rubutu?

Rubutu ce, a kowane harshe. Ma'aunin mai sauƙi ne: in ba za a taɓa tara abu ko ninka shi ba, ba lamba ba ne. Lambar wayar da ta fara da 080 in aka mayar da ita lamba, sifilin farko ya tafi. Lambar asusun banki mai alƙaluma 10 tana iya farawa da sifili ita ma. BVN da NIN alƙaluma 11 ne, sun fi ƙarfin `int` mai bit 32. Inda abin ya fi faruwa shi ne wajen karanta fayil ɗin CSV: `read_csv` na pandas, kayan aikin nazarin bayanai a Python, yana hasashen nau'in kowane ginshiƙi, ya ga alƙaluma zalla sai ya mayar da su lamba. A ba shi `dtype=str` ga waɗannan ginshiƙai. Excel ma haka yake cinye sifilin, sau da yawa tun kafin fayil ɗin ya iso hannun mai kod.

Ina amfani da TypeScript, me ya sa manhajata take faɗuwa da kuskuren nau'i?

Domin nau'o'in TypeScript ba sa rayuwa bayan an gama haɗa kod. Microsoft ya fitar da harshen a 2012 a kan wannan tsari: a duba, sannan a goge nau'o'in, abin da ya rage JavaScript ne tsantsa. Duk abin da ya shigo daga waje, ko daga saba, ko daga fom, ko daga rumbun bayanai, kompaila ba ta taɓa ganinsa ba. `JSON.parse`, mai karanta bayanan da suka shigo, yana mayar da `any`, wato nau'in da kompaila ba ta duba shi. Idan ka rubuta `as Oda` a bayansa don ka ce nau'insa Oda ne, ba bincike ka yi ba, alkawari ka yi wa kompaila, ita kuma ta yarda da kai. Ranar da saba ta aiko farashi a matsayin `"500"`, an koma matsalar da aka nuna a amsa ta biyu.

Maganin shi ne a tsare ƙofa. A karɓi bayanan waje a matsayin `unknown`, a bi da su ta mai tantancewa da ke aiki lokacin gudu, irin su Zod a TypeScript ko Pydantic a Python, sannan a bar su su shiga ciki. In sun saɓa wa tsari a ƙi su nan take, da saƙon da ke faɗin filin da ya lalace. Wannan ƙa'ida ta shafi Java da Go ma. Nau'i yana tsare cikin gida ne kawai.

Idan ina rubuta gwaje-gwaje, ina buƙatar nau'i?

Aikinsu ba ɗaya ba ne. Gwaji yana tabbatar da abu mai zurfi a kan misalai kaɗan: in an ba da 500 da 3, a samu 1500. Nau'i yana tabbatar da abu marar zurfi a kan kowace hanya: duk inda aka kira wannan fankishan, lamba aka ba shi. Gwaji ba ya ganin hanyar da mai rubuta shi bai tuna ba, nau'i kuma ba ya ganin an sa alamar tarawa inda ya kamata a ninka. A ayyukan dainamik marasa nau'i za a tarar da gwaje-gwaje da yawa ba abin da suke dubawa sai siffar bayanai. In nau'i ya ɗauke wannan, lokacin gwaji sai ya koma kan lissafin kasuwanci, inda kurakuran da aka ambata na kobo da naira suke ɓuya.

Gaskiya ne harsunan sitatik sun fi gudu?

Galibi haka ne, kuma akwai dalili. In kompaila ta san `a` da `b` lambobi ne, `a + b` umarni ɗaya ne ga na'ura. CPython kuwa, wato injin da aka saba gudanar da Python da shi, sai ya duba nau'in kowannensu, ya nemo hanyar tarawar da ta dace, ya ƙirƙiri sabon abu don sakamakon. Ƙaramar lamba a CPython tana cin bait 28 a na'ura mai bit 64, a C bait 4. A madaukin lissafi zalla tazarar takan kai ninki goma ko fiye.

Sai dai injin V8 na JavaScript yana lura da nau'o'in da ke wucewa lokacin gudu ya haɗa kod mai sauri a kansu, NumPy na Python kuma yana miƙa nauyin lissafi ga kod ɗin C. Yawancin manhajojin intanet ma jiran rumbun bayanai da layin sadarwa ne ke cinye musu lokaci. A kuma sani: sa alamun nau'i a Python ba ya ƙara masa gudu, domin CPython ba ya aiki da su.

A ina harshen dainamik ya fi dacewa?

Inda ba a san siffar matsalar ba tukuna. Mai binciken fayil ɗin da bai taɓa buɗewa ba yana son ya gwada layi ɗaya ya ga sakamako, ya canza, ya sake. Haka ɗan kod mai layi hamsin da zai sauya sunayen fayiloli, ko samfurin da za a nuna wa mai aiki gobe a jefar jibi. Kompailar Rust takan ɗauki mintuna a babban aiki, kuma tana neman a amsa tambayoyin da mai gwaji bai kai gare su ba. Matsalar ita ce samfuri yakan ƙi mutuwa. Wanda aka ce na mako ɗaya ne sai a tarar da shi bayan shekara uku, mutum biyar suna aiki a kansa.

Me ya sa manyan ayyuka ke komawa ga nau'i?

Saboda gyara. A ce za a sauya sunan fili daga `waya` zuwa `lambar_waya` a aiki mai fayil 400. Da nau'i, edita ta san kowane wurin da ake nufin wannan filin, ta sauya su duka, abin da ya kuɓuce kompaila ta lissafo shi. Ba tare da nau'i ba sai neman kalma, wanda zai kawo kowace `waya` har da waɗanda ba su da alaƙa, ya kuma tsallake inda aka gina sunan daga rubutu. Daga nan tsoro ke shiga, a daina gyara tsohon kod, a riƙa liƙa sabo a gefensa.

Shi ya sa harsunan dainamik suka buɗe wa nau'i ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Python ya karɓi alamun nau'i a sigar 3.5 cikin 2015, PHP 7 ya kawo nasa a shekarar, Stripe ya gina Sorbet don Ruby, Ruby 3.0 kuma ya zo da RBS a 2020. Dropbox ya ba da labarin yadda ya bi da layukan Python kusan miliyan 4 ta mypy, mai binciken nau'i na Python.

Ina da tsohon aiki marar nau'i. Ta ina zan fara?

Kada a tsayar da aiki don a sake rubuta komai. A Python, a girka mypy ko Pyright, a gudanar da shi yadda kod yake. A lura cewa mypy ba ya duba cikin fankishan da ba shi da alamar nau'i ko ɗaya, don haka shirunsa na farko ba shaidar lafiya ba ne. `--check-untyped-defs` ne ke sa shi leƙawa. A fara sa alamu a kan tsarin bayanan da kowa ke amfani da su, kamar oda da abokin ciniki, sannan fankishan da aka fi kira. Daga nan a kunna `--disallow-untyped-defs` a kan babban fayil ɗaya, in ya tsarkaka a matsa gaba. A JavaScript, a kunna `allowJs`, a sa `// @ts-check` a saman fayil ɗaya, a gyara abin da ya fito, a sauya sunansa zuwa `.ts`. A bar `strict` zuwa lokacin da yawancin fayiloli suka ƙaura, amma sabon aiki da shi ake farawa tun ranar farko.

Dole binciken ya shiga cikin matakan da kod ke bi kafin a haɗe shi da na sauran. In an bar shi ga ganin dama, cikin wata biyu kurakurai za su taru har kowa ya daina karanta su.

Shin amfani da any laifi ne?

Yana da wurinsa lokacin ƙaura, amma yana yaɗuwa. Duk abin da aka ciro daga `any` shi ma `any` ne, sai a wayi gari rabin fayil ba a duba shi, alhali edita ba ta nuna ja ko ɗaya. 'Yan uwansa su ne `# type: ignore` a Python, `!!` a Kotlin da `// @ts-ignore`. Inda ba a san nau'i ba da gaske, `unknown` ya fi, domin yana hana taɓa abin sai an tantance shi. Inda dole a rufe bakin kompaila, a yi amfani da `// @ts-expect-error` tare da rubuta dalili. Shi yana yin ƙara da kansa ranar da kuskuren ya gushe. A mypy, `--warn-unused-ignores` ne ke wannan aiki.

Me ya sa haruffan ɗ, ƙ da ɓ ke lalacewa, kuma ina ruwan nau'i da wannan?

Domin rubutu da jerin bait nau'i biyu ne, kuma a Turanci zalla bambancin ba ya fitowa, tunda kowane harafi bait ɗaya ne a UTF-8. Haruffa masu ƙugiya bait biyu-biyu suke ci. A Python 3, `len("ƙasa")` yana ba da 4, amma in aka mayar da kalmar bait da `.encode("utf-8")` tsawonta 5 ne. Python 2 yana cakuɗa nau'o'in biyu a ɓoye, kuma raba `str` da `bytes` na cikin manyan dalilan fitar da Python 3 a 2008. A Go `len` bait yake ƙirgawa, sai an yi amfani da `utf8.RuneCountInString` a samu adadin haruffa. A PHP `strlen` da `substr` bait suke aunawa, `mb_strlen` da `mb_substr` su ne na haruffa. Wanda ya yanke suna a bait na goma zai iya raba ƙ gida biyu, abin da zai bayyana a allo shi ne alamar tambaya cikin baƙin lu'ulu'u. A juya bait zuwa rubutu da zarar sun shigo, a faɗi `encoding="utf-8"` a fili duk lokacin buɗe fayil, a mayar da su bait sai a bakin fita.